Tarihin Dakta James Naismith, marayan da ya ƙago wasan ƙwallon kwando

A duk shekara idan watan Oktoba ya ƙarato, masana da 'yan jaridar wasanni a Amurka sukan duƙufa wajen hasashen yadda teburin gasar ƙwallon kwando ta NBA zai kasance. Sukan jera ƙungiyoyi 30 da ke cikin gasar, kowace da wasa 82 a gabanta, su ce wance ce za ta zo ta ɗaya a Gabas, wance a Yamma, wance kuma ita ce kurar baya. A da, wannan muhawara ba ta dami yawancinmu ba a nan Sabha, domin ƙwallon ƙafa ce ta mamaye hirar matasa daga Sukra har Gurda. Amma tun da ƙungiyar Al Ahli ta Tarabulus ta ɗauko kofin gasar ƙungiyoyin Afirka ta BAL a shekarar 2025, sai ga shi ana tafka gardamar ƙwallon kwando a wuraren shan shayi.

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, wannan wasa yana cikin 'yan tsirarun wasannin da aka san mutumin da ya ƙago su, da garin da aka fara yin su, da watan da aka fara. Mutumin kuwa shi ne Dakta James Naismith, wanda tarihinsa kansa ya isa ya koya wa mai hasashe yin taka-tsantsan.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi James Naismith ranar 6 ga Nuwamba, 1861, a kusa da wani ƙaramin gari mai suna Almonte da ke lardin Ontariyo na ƙasar Kanada. Sunan mahaifinsa John Naismith, mahaifiyarsa kuma Margaret Young, dukkansu asalinsu mutanen Sikotland ne. A shekarar 1870, yana kimanin shekara tara, zazzaɓin taifot ya kashe iyayen nasa biyu a tsakanin 'yan makonni. Shi da yayarsa da ƙanensa suka koma hannun kakarsu ta wajen uwa, ita ma ba ta daɗe ba ta mutu, riƙonsu ya koma wurin kawunsu Peter Young, wanda manomi ne.

A gidan kawun nasa ya tashi cikin aikin gona da saran itace da kora dawaki. Karatu bai zauna masa ba da farko, har ta kai ya bar makarantar sakandare ya shiga daji aikin yankan katako na wasu shekaru. Duk wanda ya gan shi a lokacin zai ɗauka nan rayuwarsa za ta ƙare, to amma zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Ya koma makaranta yana saurayi a tsakiyar yaran da ya girme su, ya kammala a 1883.

Akwai wani wasan yara da yake yi a ƙauyensu wanda daga baya ya yi masa rana. Yara sukan ɗora ƙaramin dutse a kan wani babban dutse, ɗaya ya tsaya gadi, sauran su riƙa jifa don su kayar da shi. Naismith ya lura tun a lokacin cewa wanda ya lailaya jifarsa ta yi sama ta sauko a hankali ya fi samun sa'a a kan wanda ya yi jifar ƙarfi kai-tsaye. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu sake cin karo da shi.

Daga karatun addini zuwa filin wasa

A 1883 ya shiga Jami'ar McGill da ke birnin Montreal da niyyar zama malamin coci. A can ya yi fice a wasan ragbi da wasannin motsa jiki. Bayan digirinsa na farko ya shiga Kwalejin Presbyterian ta wannan birni, ya kammala karatun addinin Kirista a 1890, yana kuma koyar da motsa jiki a McGill don ya biya kuɗin makaranta.

An ruwaito cewa wata rana ana atisayen ragbi, wani abokin wasansa ya fusata ya yi ashar, da ya waiga ya ga Naismith a gefensa sai ya ba shi haƙuri, alhali shi bai ce masa komai ba. Wannan ya sa shi tunanin cewa mutum zai iya gyara tarbiyyar matasa a filin wasa kamar yadda zai iya a kan mumbari. Wasu daga cikin danginsa ba su ji daɗin wannan shawara ba, saboda a wancan zamani masu addini da yawa suna kallon wasanni a matsayin shashanci. Duk da haka a 1890 ya tattara ya nufi garin Springfield na Jihar Massachusetts a Amurka, inda ƙungiyar matasa Kiristoci ta YMCA take da makarantar horar da ma'aikatanta.

Kwana goma sha huɗu

Hunturu a wannan yanki na Amurka ba kamar sanyinmu na Fezzan ba ne. Ƙanƙara takan rufe filaye wata da watanni, ba ragbi, ba guje-guje. A ƙarshen 1891 makarantar tana da wani aji na mutum 18, manyan samari ne majiya ƙarfi, waɗanda suka gaji da atisayen cikin ɗaki na ɗaga hannu da sauke hannu, har malamai biyu suka kasa da su. Shugaban sashen motsa jiki, Dakta Luther Gulick, ya damƙa wa Naismith ajin, ya kuma ba shi kwana 14 ya samo wasan da za a iya yi a cikin zaure, wanda zai gajiyar da su ba tare da sun ji wa juna rauni ba.

Da farko ya gwada shigo da ragbi da ƙwallon ƙafa cikin zauren, abin bai yi kyau ba, domin daɓen katako ne, wurin kuma ƙarami. Sai ya zauna ya yi nazarin inda rauni yake fitowa a wasanni. Ya gano cewa ana kayar da mutum ne saboda yana gudu da ƙwallo a hannu, saboda haka idan aka hana gudu da ita babu dalilin kayarwa. Ya kuma lura cewa idan raga tana ƙasa, 'yan wasa za su taru a bakinta, mai jifa kuma zai yi ta da iya ƙarfinsa. A nan ne ya tuna wasan dutsen nan na ƙuruciya: idan aka ɗaga wurin cin ya fi ƙarfin kan mutane, dole mai jifa ya lailaya ƙwallon ta yi sama ta sauko, gwaninta ta fi ƙarfi amfani.

Ya nemi mai kula da ginin makarantar ya samo masa akwatuna biyu, shi kuwa bai samu ba sai kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace. Aka kafa su da ƙusa a jikin barandar zauren, ɗaya a kowane gefe. Tsayin barandar ƙafa 10 ne, wato mita 3.05, kuma har gobe wannan shi ne tsayin kwando a duk duniya, daga Springfield har Bangazi.

An yi wasan farko ranar 21 ga Disamba, 1891, mutum tara-tara, da ƙwallon ƙafa. Ƙwallo ɗaya tak aka jefa, wani ɗalibi mai suna William Chase ne ya jefa ta, aka tashi 1 da 0. Da yake kwandunan suna da gindi, a farkon zamanin wasan duk lokacin da aka ci sai an hau tsani an ciro ƙwallon. A wata hira da aka yi da shi a gidan rediyo a New York a farkon 1939, Naismith ya bayyana cewa karon farko ya rikiɗe ya zama dambe da kokawa, wasu suka tashi da kumburin ido, wani kafaɗarsa ta goce, wani ma ya suma.

Dokoki 13 ya rubuta, aka buga su a mujallar makarantar ranar 15 ga Janairu, 1892. Daga cikinsu akwai cewa ana iya jefa ƙwallo ta kowace fuska da hannu ɗaya ko biyu, ba a gudu da ita, ba a ture abokin karawa ko riƙe shi ko sa masa ƙafa. Ƙungiyar da ta yi laifi uku a jere, ana ba abokan karawarta ci ɗaya. Wasan kashi biyu ne, minti 15 kowane, da hutun minti biyar a tsakani. Buga ƙwallo a ƙasa ana tafiya da ita, wanda a yau shi ne abin da yaro yake fara koya, ba ya cikin dokokin nan, 'yan wasa ne suka ƙirƙiro shi daga baya don su kauce wa dokar hana gudu. Wani ɗalibi mai suna Frank Mahan ya ba da shawarar a sa wa wasan sunan Naismith, shi kuwa ya ƙi, aka tsaya a kan sunan da ya haɗa ƙwallo da kwando.

Yadda wasan ya bazu

Da yake ɗaliban makarantar daga wurare daban-daban suke, kuma YMCA tana da rassa a ƙasashe da yawa, wasan ya yaɗu kamar wutar daji. A 1892 wata malama mai suna Senda Berenson ta fara koya wa mata shi a Kwalejin Smith. A 1893 ya isa Faransa, a 1895 ya isa ƙasar Sin. Kafin ƙarnin ya ƙare an rage 'yan wasa zuwa biyar-biyar, an kuma kafa allo a bayan kwando, saboda 'yan kallon da ke kan baranda sukan miƙa hannu su kaɗe ƙwallon abokan hamayya. A 1898 aka kafa gasar farko ta 'yan wasan da ake biya albashi a gabashin Amurka.

Shi kuwa mai wasan bai yi masa rajistar mallaka ba, bai kuma nemi ya yi arziki da shi ba. A 1894 ya auri Maude Sherman, wadda suka haifi 'ya'ya biyar da ita. A 1895 ya koma birnin Denver yana aiki da YMCA yana kuma karatun likita, ya samu digirinsa a 1898. Wato dai mutum ɗaya ya haɗa ilmin addini da na likita da na motsa jiki.

Kocin da aka fi cinye shi

A 1898 Jami'ar Kansas da ke garin Lawrence ta ɗauke shi aiki don ya kula da ɗakin ibadarta ya kuma koyar da motsa jiki. Shi ne ya kafa ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'ar, ya horar da ita har zuwa 1907. Da a ce akwai masu hasashe a lokacin, babu shakka kowa zai ɗora ƙungiyarsa a saman tebur, domin wa zai fi mai abu sanin abinsa? Amma a shekara tara da ya yi, ya ci wasa 55, an cinye shi 60. Har yau shi kaɗai ne kocin ƙungiyar maza ta wannan jami'a da yawan faɗuwarsa ya zarce yawan nasararsa.

Dalilin ba boyayye ba ne. Naismith bai ɗauki cin wasa da muhimmanci ba. A ganinsa ƙwallon kwando abu ne da ake yi don lafiyar jiki da gyaran hali, kuma ba ya ganin akwai buƙatar wani ya tsaya a gefe yana tsara wa 'yan wasa dabaru. Sau da yawa ma shi ne yake alƙalancin wasan da yaransa suke bugawa.

Ɗalibinsa Forrest Allen, wanda aka fi sani da Phog Allen, bai yarda da wannan ra'ayi ba. Shi ya gaje shi, ya shekara 39 yana horar da ƙungiyar, ya ci kofin jami'o'in Amurka a 1952, har ake kiran sa uban aikin koci a wannan wasa. Cikin yaran Allen akwai Dean Smith, wanda daga baya ya zama kocin Jami'ar North Carolina, inda ya horar da Michael Jordan a farkon shekarun 1980. Ke nan daga Naismith zuwa Jordan mutum biyu ne kacal a tsakani.

Akwai kuma wani ɗalibin nasa da ya kamata mu 'yan Afirka mu sani, wato John McLendon. Baƙar fata ne da ya shiga Jami'ar Kansas a shekarun 1930, lokacin da wariyar launin fata ta hana shi buga wa ƙungiyar jami'ar wasa. Naismith, wanda a lokacin ya haura shekara 70, ya jawo shi a jiki ya zama mai ba shi shawara. McLendon ya shahara da salon kai hari cikin sauri kafin abokan karawa su koma gida, ya ci kofin ƙasa na ƙananan jami'o'i sau uku a jere daga 1957 zuwa 1959 da wata jami'ar baƙaƙen fata ta Jihar Tennessee, sannan a farkon shekarun 1960 ya horar da ƙungiyar ƙwararru ta Cleveland Pipers, abin da ya buɗe wa baƙaƙen fata ƙofar wannan aiki.

Yaƙi da Olamfik

A 1916 Naismith ya yi aikin malamin addini a rundunar tsaron Jihar Kansas a kan iyakar Amurka da Meziko. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma ya tafi Faransa a ƙarƙashin YMCA, ya yi wata 19 yana wa sojoji wa'azi da shirya musu wasanni don ya kawar da hankalinsu daga barasa da neman mata. Sai a 1925 ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar Amurka.

A 1932 aka kafa hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, a birnin Janeba, kuma a wasannin Olamfik na Balin a 1936 aka fara ba da lambar yabo a wannan wasa. Naismith ba shi da kuɗin tafiya, sai da ƙungiyar masu horarwa ta Amurka ta yi masa karo-karo daga kuɗin shiga kallon wasanni. Ya je yana da shekara 74, ya ga ƙasashe 21 suna buga wasan da ya ƙago domin aji ɗaya, cikinsu har da Masar daga nahiyarmu. Abin ban dariya, wasan da aka ƙirƙira don a guje wa yanayi, a fili aka buga shi. Ranar wasan ƙarshe ruwan sama ya mai da filin taɓo, ƙwallo ba ta tashi idan an buga ta ƙasa, Amurka ta ci Kanada 19 da 8, Meziko ta zo ta uku. Shi ya miƙa musu lambobin, FIBA kuma ta naɗa shi shugabanta na girmamawa.

Mutuwarsa da abin da ya bari

Matarsa Maude ta mutu a 1937, shekarar da ya yi ritaya. Ya sake aure a watan Yunin 1939, amma a watan Nuwamba jini ya zuba masa a ƙwaƙwalwa, ya mutu ranar 28 ga Nuwamba, 1939, a gidansa da ke Lawrence, yana da shekara 78. Littafin da ya rubuta a kan asalin wasan sai a 1941 ya fito.

Bai ga NBA ba. An kafa gasar da ta haife ta a 1946, kuma wasanta na farko a Toronto aka buga shi, a ƙasarsa ta haihuwa, ranar 1 ga Nuwamba na wannan shekara. Ta ɗauki sunan NBA a 1949. Agogon daƙiƙa 24 da ke tilasta wa ƙungiya jefa ƙwallo ya zo a 1954, layin maki uku kuma a 1979. Duk waɗannan sun sauya wasan ƙwarai, amma tsayin kwando da hana gudu da ƙwallo suna nan yadda ya bar su.

A Afirka an fara gasar ƙasashe a Alƙahira a 1962. Libiya ta ɗauki baƙuncinta a 2009 a Tarabulus da Bangazi, inda Angola ta ɗauki kofin. Tun kafin nan ƙasar ta yi suna da Sulaiman Ali Nashnush, mai tsayin mita 2.45, ɗaya daga cikin mafi tsayin 'yan ƙwallon kwando a tarihi, wanda ya rasu a 1991. Al Ahli ta Bangazi ta kai wasan ƙarshe na BAL a 2024, takwararta ta Tarabulus kuma ta ci kofin a 2025 a Afirka ta Kudu, a shekararta ta farko a gasar, bayan ta doke Petro de Luanda ta Angola. A ƙasar Hausa kuwa, Kano Pillars ta sha ɗaukar kofin Najeriya, kuma a Zariya Masai Ujiri ya tashi ya koyi wasan, shi ne kuma shugaban ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019, karo na farko da kofin ya fita daga Amurka.

Game da hasashe kuwa, tarihin wasan cike yake da abin da ke kunyata masana. A 1995 ƙungiyar Houston ta Hakeem Olajuwon ta gama kakar wasa a matsayi na shida a Yamma, amma ita ta ɗauki kofin. Boston ta ci wasa 24 kacal a kakar da ta ƙare a 2007, a ta gaba ta ci 66 ta kuma zama zakara. A Olamfik na Landan a 2012 Amurka ta lallasa Najeriya 156 da 73, shekara tara bayan haka Najeriya ta doke ta 90 da 87 a wasan sada zumunci a Las Vegas. Rauni ɗaya a gwiwar ɗan wasa, ko cinikin 'yan wasa a tsakiyar kaka, ya isa ya rushe duk lissafin da aka yi a Oktoba. Shi ya sa Bahaushe ya ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Yin hasashe don nishaɗi da gardamar majalisa ba laifi ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda kamfanonin caca suka mai da wannan hasashe tarko, matashi ya zuba kuɗin guminsa ta wayar hannu a kan abin da masanan kansu suke kuskurewa kowace shekara, a wasan da mai shi ya ƙago don ya raba matasa da irin wannan hali.

A 1959 aka kafa gidan karrama gwarzayen ƙwallon kwando da sunansa a Springfield, Olajuwon yana cikin waɗanda aka shigar. Takardu biyun da aka buga dokoki 13 a kansu da keken rubutu sun zauna a hannun iyalinsa har zuwa watan Disambar 2010, lokacin da aka yi gwanjonsu a New York a kan dala miliyan 4.3, kuɗin da shi bai taɓa riƙe ko kusa da su ba a rayuwarsa. Wani attajiri tsohon ɗalibin Jami'ar Kansas, David Booth, shi ya saye su ya miƙa wa jami'ar, kuma tun 2016 suna ajiye a wani gini da aka yi musu a gefen zauren wasan da ke ɗauke da sunan Phog Allen, a kan titin da ake kira da sunan Naismith.